Gas, Batir ko Prius: Wanne Ne Ke Rage Kuɗin Mai a Titunan Zariya?

Tun daga 29 ga Mayu 2023 da aka cire tallafin fetur, litar da ake saye ƙasa da naira 200 ta yi tsalle ta wuce 500, kafin ƙarshen 2024 kuma ta haura 1,000 a gidajen mai da dama. Wanda ke zirga-zirga tsakanin Samaru da Kongo, ko daga Ƙofar Doka zuwa asibitin Shika, bai buƙatar a ba shi labari. Shi ya sa kasuwar "maganin tsadar mai" ta buɗe: masu juya mota zuwa gas, masu sayar da babur da Keke Napep na batir, da dillalan da ke tallar Prius, motar Toyota mai haɗa injin fetur da batir, kamar ba ta shan mai sam. Mun duba waɗannan hanyoyi da awo guda: naira nawa kilomita ɗaya ke ci, bayan an haɗa kuɗin saye, kuɗin gyara da wahalar cikawa. Wanda bai yi wannan lissafi ba kafin ya cire kuɗi, to da ka ya yi ciniki.

Domin lissafin ya tafi daidai, mu ɗauka litar fetur naira 900 ce. Farashi na hawa yana sauka, kowa ya sa na ranar da yake karantawa. Corolla mai injin 1.8 a cikin gari, da tsaye-tsayen PZ da Kwangila, tana yin kimanin kilomita 10 a lita, wato naira 90 kowace kilomita. Keke Napep da fasinja cike tana yin wajen kilomita 25, naira 36 ke nan. Boxer mai lafiya yana yin 45 ko fiye, naira 20. Waɗannan su ne alƙaluman da duk wani sabon abu zai kayar kafin a ce ya yi amfani.

Juya mota zuwa CNG

Da farko a raba abu biyu da mutane ke cakuɗawa. Gas ɗin girki, LPG, ruwa ne a cikin tukunya, matsinsa bai cika wuce bar 10 ba (bar shi ne ma'aunin matsi). CNG kuwa iskar gas ce zalla da aka danna har bar 200. Bambancin ya ninka sau ashirin. Duk tukunyar da aka ga layin walda a jikinta ba ta CNG ba ce, ko wa ya rantse. Abin da ya faru a wani gidan gas a Aduwawa ta birnin Benin a watan Oktoba 2024, inda mota ta tarwatse ana cikin cika ta, tushensa ke nan: tukunya ce ta haɗin walda. Tukunyar gaske ƙarfe ɗaya ce ba ɗinki, kuma a wuyanta an buga lambar inganci, ISO 11439 ko ECE R110, da matsin aiki bar 200, da matsin gwaji bar 300, da watan da aka ƙera ta, da shekarar da za a daina amfani da ita. Idan mai gareji ya ce fenti ya rufe rubutun, a ɗauki mota a tafi.

Kayan juyin iri biyu ne a kasuwa, kuma nan ne ake yawan cutar mutane. Akwai na tsohon yayi, wanda ke zuba gas ta wani zobe a bakin hanyar iska, kamar yadda kafireto ke yi. Shi ya dace da motoci masu kafireto da irin Golf 3 mai injin 1.8 da ke da nozul guda a sama. Akwai kuma na zamani mai ƙwaƙwalwarsa, wanda ke ba kowace silinda nozul nata na gas, yana bin umarnin birenbos na motar. Shi ne ya dace da Corolla, Camry, Sharan, 406 da sauran masu nozul huɗu ko shida. Na farkon ya fi araha, don haka wasu ke ɗora shi a kan motar da ba tasa ba. Sakamakon sananne ne: gas ya cika hanyar iska, fulogi ɗaya ya yi kuskuren wuta, sai a ji ƙara kamar bindiga, manifol na roba ya tsage, akwatin tace iska ya fashe, na'urar auna iska ta mutu. Kuɗin da aka rage wajen saye sai ya tafi a rana guda. Motocin da ke fesa fetur kai tsaye cikin silinda, masu rubutun D-4, GDI ko FSI, kayan juyi na yau da kullum bai dace da su ba, kada a bari wani ya yi koyon aiki a kansu. Sunayen da suka daɗe a wannan sana'a na Italiya ne, irin su Lovato, Tomasetto da Landi Renzo, amma akwai jabu masu kwali iri ɗaya, don haka a nemi takardar garanti mai lambar da ta yi daidai da wadda ke jikin regileta.

Aikin da aka yi da kyau ana gane shi da ido. Tukunya ta zauna a kan ƙarfenta da ɗamara biyu masu roba a ciki, an ɗaure da kusoshin da suka huda ƙasan but da faranti ta ƙasa, ba walda a jikin bodi ba. Bawul ɗin tukunya yana cikin murfi mai tiyo da ke fitar da duk wani yoyo waje, ba cikin mota ba. Fayif ɗin ƙarfe mai ɗaukar bar 200 ya bi ƙarƙashin mota da maɗauri a kowane ɗan taki, nesa da salansa, kuma an yi masa lanƙwasa kamar zobe kusa da kowane mahaɗi domin girgizar gargada kada ta tsage shi. Regileta, wadda ke sauke matsin daga bar 200 zuwa wajen bar 2, an haɗa ta da ruwan lagireto, domin gas idan ya saki matsi sanyi yake yi har ƙanƙara ta fito. Wannan ne dalilin da ya sa motar ke tashi da fetur, sai ruwa ya ɗumama ta koma gas da kanta. A nan akwai wata al'ada ta garejinmu da ke ɓata aikin: cire tamostat da sunan wai ƙasarmu akwai zafi. Motar da aka cire wa shi, da safiyar hunturu tana iya kai wa daga Tudun Wada har Palladan ba ta koma gas ba, fetur kawai take sha. Kafin a karɓi mota a sa a shafa ruwan omo a kowane mahaɗi tukunya na cike, a tsaya a ga babu kumfa, sannan a fita titi da kwamfutar saiti a haɗe, a daidaita gas ɗin mota na tafiya. Saitin da aka yi mota na tsaye a sulo rabin aiki ne.

Abin da za a rasa kuma a faɗe shi. Ƙarfin inji yana raguwa da kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari, ana jin haka in an ɗauki kaya ko an kunna AC. Tukunya mai lita 65 zuwa 75 tana da nauyin kilo 60 zuwa 70, kamar an ɗauki mutum guda a but kullum, kuma ta cinye fiye da rabin wurin kaya. Motar da sifirin da shakazobanta na baya suka gaji za ta zauna, ta riƙa duka a kan kowane tudun rage gudu. Gas ya fi fetur wuyar kamawa da wuta, don haka fulogi da kwayil da suke lallaɓawa a kan fetur nan take za su tona asirin kansu. A sa sabbin fulogi ranar juyi, a rage bakinsu zuwa milimita 0.7 ko 0.8. Gas busasshe ne, ba ya sanyaya bawul kamar fetur, a hankali mazaunin bawul na salansa yana cinyewa, tazarar ta rufe, bawul ya ƙone, sai sauke tof silinda. Maganin shi ne duba tazarar bawul duk kilomita 20,000 zuwa 30,000 a injin da ba ya daidaita kansa, da kuma hana mai saiti ya matse gas ɗin fiye da kima don a ce mota ba ta sha. Matsattsen saiti shi ke ƙara zafi. Matatar gas a canza ta duk kilomita 10,000 zuwa 15,000, domin man kwamfiresa na gidan cikawa yana biyo gas ya toshe nozul.

Kuskure ɗaya da ya yi yawa: barin tankin fetur fayau. A yawancin juyi famfon mai yana ci gaba da juyawa ko mota na kan gas, kuma fetur ɗin da yake ciki shi ke sanyaya shi. A bar kwata na tanki koyaushe, a kuma yi 'yan kilomita a kan fetur kowane mako, in ba haka ba man ya tsufa ya yi danƙo a nozul.

Yanzu lissafi. Ana sayar da CNG da kubik mita, wanda ake rubutawa SCM, kuma guda ɗaya yana kai mota kusan inda litar fetur ke kai ta. A 2024 ana sayar da shi naira 230 a gidaje da yawa ƙarƙashin shirin gwamnatin tarayya na CNG, daga baya ya tashi. Mu ɗauka 400. Corolla ta sauko daga naira 90 zuwa 40 a kilomita, an tsira da 50. Idan juyin ya ci naira miliyan ɗaya, sai an yi kilomita 20,000 kafin kuɗin ya dawo. Direban da ke Zariya zuwa Kaduna ya dawo kullum, kilomita 160 ke nan, cikin wata huɗu da 'yan kwanaki ya fanshe. Malamin da ke yin kilomita 30 a rana tsakanin gida da ofis zai kusan shekara biyu, in ma har da Asabar da Lahadi yana fita. Wanda motarsa sai Juma'a da biki, kada ma ya fara.

Sai babbar matsalar, wadda masu tallar juyi ba sa son a tsaya a kanta. Tukunyar nan tana ɗaukar SCM 12 zuwa 15 ne, tafiyar kilomita 120 zuwa 150. Gidajen cika CNG a wannan yanki da yatsu ake ƙirga su, kuma gas ɗin a tirela yake zuwa daga nesa, domin bututun Ajaokuta zuwa Kaduna zuwa Kano mai tsawon kilomita 614, da aka ƙaddamar da aikinsa a 2020, shi ne ake jira ya kawo gas Arewa a wadace. In tirela ta makara, babu gas. In abin da ke ma'ajiyar gidan ya yi ƙasa, sai a cika maka zuwa bar 150 ko 160, ka tafi da kashi uku cikin huɗu. Cikawar tsakar rana a watan Afrilu ma ba ta kai ta asuba ba, saboda gas mai zafi yana nuna bar 200 a agogo, ya huce ya sauko. Shawararmu ga duk mai niyya: kafin ka biya ko sisi, ka je gidan da za ka riƙa cikawa sau uku a ranaku daban-daban, ka ga tsawon layi, ka tambayi direbobin da ke ciki kwana nawa a wata suke zuwa su tarar babu, ka kuma duba irin bakin cikawar da suke da shi, domin iri biyu ne kuma ba sa shiga juna sai da adafta. In zuwa cikawa da dawowa zai ci maka kilomita 40 cikin 140, kashi ɗaya cikin uku na ribar ya tafi a hanya, ban da awannin layi.

Ta fuskar gwanaye Zariya ta fi garuruwa da yawa sa'a, domin Cibiyar Fasahar Sufuri ta Ƙasa, NITT, tana kan hanyar Basawa, kuma tana cikin wuraren da ke aikin juyi da horar da makanikai a kansa. A tambayi duk mai gareji inda ya koyi aikin, a ga takarda.

A Keke Napep lissafin ya fi daɗi, saboda tana yini a titi. Tukunyarta mai wajen lita 30 tana ɗaukar kilo huɗu na gas, abin da zai kai ta kilomita ɗari da 'yan kai. Wadda ta zo da gas daga kamfani, ta Bajaj ko TVS, ta fi wadda aka juya a nan, don an gina mazaunin tukunya a jikin shasi kuma an yi bawul ɗin don gas. Wadda aka juya tana buƙatar saitin tafet akai-akai, kusan duk juyen baƙin mai na biyu, kuma injin mai sanyaya da iska ba ya yafe matsattsen saiti. Sai dai mai biyan balas kullum ya sani, awa uku a layin gas da safe ita ce awa ukun da ɗalibai da ma'aikata ke neman abin hawa.

Babur da Keke na batir

A takarda babu abin da ya kai su. Babur mai batir 72V 40Ah yana ɗauke da yunit 2.9 na wuta, a bango zai ja kusan 3.3 saboda asarar caja, ya yi kilomita 60 zuwa 70 da mutum ɗaya. Ko a layin Band A, mafi tsadar wuta, da yunit ya haura naira 200, cikawa ɗaya ba ta wuce naira 700 ba, naira 10 zuwa 12 a kilomita, rabin na Boxer. Babu baƙin mai, babu fulogi, babu kuloci, wanda injinsa na lantarki ke cikin cibiyar taya ma babu cen da sifaket. Ga shiru. Zariya kuma shimfiɗaɗɗen gari ne, ba hawa mai cinye batir. Ga ma'aikacin jami'a ko matar da ke kai yara makaranta ta wuce kasuwar Sabon Gari, tafiyar yini ba ta kai rabin cajin ba.

Amma batir shi ne abin hawan, sauran ƙarfe ne da roba. Iri uku ake kawowa. Na dalma, irin na inbata, shi ne mafi araha kuma shi ne ke cikin yawancin Kekunan batir masu rahusa: guda biyar ko shida masu 12V a jere, kowanne kusan kilo 30 a manyan. Yana jure caji 300 zuwa 500 ne in ba a zuƙe shi ƙasa da rabi ba, kuma ƙa'idar da aka sani ita ce duk ƙarin zafi na digiri 10 a kan 25 yana raba rayuwarsa biyu. A garin da bazara ke kusantar digiri 40, ga mai haya da ke zuƙe shi kullum har ƙasa, kafin shekara ta zagayo tafiyar kilomita 70 ta koma 30. Kuma guda ɗaya in ya mutu a jeren yana jan sauran, sa sabo ɗaya cikin tsofaffi kuwa asarar kuɗi ce. Don haya, ba mu ba da shawararsa ko kaɗan.

Na biyu lithium ne irin NMC, mara nauyi, mai tafiya da nisa, amma shi ne ba ya son zafi kuma shi ne in ya kama wuta ruwan bokiti ba ya kashe shi. Na uku lithium ne irin LFP, ya ɗan fi nauyi, yana kai caji 2,000 ko fiye, ya fi jure zafi, ya fi wuyar kamawa da wuta. Shi ne na wannan yanayi. Ana bambance su ta rubutun ƙwaya: LFP 3.2V, NMC 3.6V ko 3.7V. Mai sayarwa da bai iya faɗin wanne ne a cikin kayansa ba, bai san abin da yake sayarwa ba. Wannan bambanci ya shafi caja kai tsaye. Batir "72V" na NMC mai ƙwaya 20 yana cika a 84V, na LFP mai ƙwaya 24 yana cika a 87.6V. Soket ɗinsu na iya zama iri ɗaya. Aron cajar maƙwabci shi ne hanya mafi sauri ta lalata batir, ko ta tayar da gobara in allon kariyar da ke ciki, BMS, na banza ne. Kada a yi caji batir na da zafi daga dawowa, a ba shi rabin awa. Kada a yi a rana, kada a yi a ɗakin kwana ko a zauren da shi kaɗai ne mafita.

Damina tana da nata. Ruwan da ke kwanciya a lungunan cikin birni da ramukan titi a watan Agusta, in ya kai cibiyar tayar baya yana shiga ta inda waya ta fito daga aksul, ya kashe ƙananan na'urori uku da ke gaya wa kwantirola, ƙwaƙwalwar babur ɗin, matsayin injin lantarkin. Alamar ita ce babur ya riƙa karkarwa in za a tashi, ko ya ƙi motsi sai an tura. Gyaran ba tsada, matsalar wa zai yi. Bakaniken Boxer yana kowace kwana daga Danmagaji har Samaru, kayan gyaransa kuma har a ƙauye. Mai gyaran kwantirola sai an nema. Wankin babur da injin fesa ruwa ma yana kashe su fiye da ruwan sama. Kafin saye a sa dillali ya nuna kwantirola, caja, totur da tayar baya mai injin lantarki a kan kantarsa, ba a hoto ba. A tambayi kuɗin sabon batir a raba shi da kilomitar da zai yi, a ɗora a kan naira 10 ɗin nan, domin batir yakan kai kashi ɗaya cikin uku zuwa rabin kuɗin babur ɗin.

Sai wuta. Caja mai amfiya 10 tana son awa huɗu zuwa biyar ba yankewa. Unguwar da ba ta samun haka daga Kaduna Electric, mai babur zai koma janareta, kuma a nan ribar ke mutuwa. Ƙaramin janareta yana fitar da yunit ɗaya da rabi zuwa biyu daga litar fetur. Yunit ɗaya yana kai babur kilomita 20 da 'yan kai. Lita guda ke nan ta ba da kilomita 30 zuwa 45, abin da Boxer ke yi ko ya fi, ba tare da an sayi batir ba. Babur na batir yana biya ne ga wanda ke da tsayayyiyar wuta ko sola. Faranti uku masu wat 550 suna iya ba da yunit biyar zuwa shida a rana mai kyau, ya ishi babur ɗaya har da saura, amma da rana ake samunsa, lokacin da ɗan acaɓa ke titi, sai dai in yana da batir biyu yana musanyawa. Ƙurar hunturu kuma tana rage abin da faranti ke bayarwa sosai in ba a goge shi. Keke ta fi ci, yunit 8 zuwa 10 a kilomita ɗari. Kamfanonin musayar batir da ke aiki a Legas da Ogun su ne suka warware wannan matsala a can, kuma ranar da irin wannan rumfa ta tsaya a PZ da Ƙofar Doka, hukuncinmu a kan haya zai canza.

Prius da 'yan uwanta

Ga mai iyali da ke son mota, ba ya son layi kuma ba shi da sola, wannan ce ba ta neman komai sabo daga gari. Fetur take sha, a gidan man da aka saba, ba a sa ta a caji. Injin yana mutuwa a tsaye, birki yana mayar da wuta cikin batir, don haka cunkoso shi ne inda ta fi nuna kanta: kilomita 17 zuwa 20 a lita a cikin gari in tana da lafiya, wajen naira 50 a kilomita. A doguwar hanya ratar da ke tsakaninta da Corolla tana raguwa.

Waɗanda suka fi yawa a kasuwar Kwatano su ne ta 2004 zuwa 2009 mai injin 1.5 da ta 2010 zuwa 2015 mai 1.8. Duk sun tsufa, batirinsu ma haka. Batirin ƙwaya 28 ne masu 7.2V, jimilla 201.6V, yana bayan kujerar baya, kuma fanka ce ke sanyaya shi da iskar cikin mota ta wata taga a gefen kujerar. Ƙurar Zariya tana toshe wannan fanka, fasinja ko kaya su rufe tagar, batir ya dahu. A buɗe a wanke fankar kafin hunturu da bayansa. Kada a sayi motar sai an haɗa na'urar OBD mai karanta kwamfutar mota da waya an fita titi an ga ƙarfin tubalan batirin 14, masu ƙwaya biyu-biyu, lokacin da aka taka totur. In ɗaya yana faɗuwa ƙasa da sauran da kusan 1V, batirin yana hanyar tafiya, ko dashbod bai nuna komai ba, domin ana goge lambar P0A80, mai nuna lalacewar batir, kafin mai saye ya iso. Canza ƙwaya ɗaya ko biyu yana sayen watanni ne kawai. A ta 2004 zuwa 2009 a duba famfon ruwan da ke sanyaya inbatan motar: mota na kunne a buɗe ƙaramin tankin ruwansa, in ruwan ba ya motsi famfon ya mutu. A ta 2010 zuwa 2015 hanyar EGR, mai mayar da wani ɓangare na hayaƙin salansa cikin inji, tana toshewa da baƙin hayaƙi, in an bar ta gaskit ya ƙone, alamar farko ita ce jijjiga mai ƙarfi a tashin safe. Ruwan inbata da na lagireto na Toyota mai ruwan hoda ake sawa, ba na rijiya ba. Kwamfiresan AC na lantarki ne, mansa ND-11, mai gyaran AC da ya zuba man da ya saba zai sa wuta ta riƙa zuba a jikin mota har ta ƙi tashi. Wayoyi masu launin lemo kuwa ba na mai rewaya ba ne da bai koyi aikin ba, suna kisa. Kuma motar gajeriya ce, hanyar da ruwa ya zaizaye a bayan gari tana kankare mata ciki.

LPG a mota yana aiki, tukunyarsa ta fi sauƙi kuma ana samun gas ɗin ko'ina, amma da farashin kilo na yanzu abin da ake ragewa kaɗan ne. Maganaɗisun da ake ɗaurawa a tiyon mai, da ƙwayoyin da ake jefawa a tanki, da 'yar na'urar da ake sokawa a soket ɗin sigari, babu wanda ke rage ko cokali.

Wanda bai da kuɗin ko ɗaya cikin waɗannan, akwai abin da zai yi da motar da ke hannunsa a wannan mako. Ya auna iskar taya da safe bisa lambar da ke jikin ƙofar direba, ba da bugun ƙafar mai faci ba. Ya mayar da tamostat in an cire, domin injin da bai kai zafinsa ba birenbos yana ta ƙara masa mai. Ya canza na'urar iskar salansa in ta mutu maimakon a cire ƙwan da ke nuna alamar a dashbod, ya duba ko birki na riƙe taya, ya canza matatar iska tsakiyar hunturu. Sannan ya cika tanki, ya rubuta lambar kilomita, ya sake cikawa bayan mako a famfo guda, ya raba kilomitar da litar da ta shiga.